Dutsen Zoben Hajiya Riskuwa Ya Sauya Launi

Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.
Afrilu, 1992.

Zuwa ga Yaya Maigandi, a Jos,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah Ya ƙara rufa asiri. Goggo ta samu sauƙin ƙafa, yara ma lafiyarsu lau. Ni ce dai ba lafiya ba, domin maigidana Baban Kausar yana tsare a hannun 'yan sanda.

Ga yadda abin ya faru. Hajiya Riskuwa, wata dattijuwa daga Argungu, ta kawo masa zoben azurfa ya faɗaɗa mata, don ya matse mata yatsa. Gadon mahaifiyarta ne, da dutse mai launin shunayya a kansa. Ka san shi da ƙira, bai taɓa ɓata aikin kowa ba, amma wannan karon bai cire dutsen ba ya sa zoben a wuta. Da ya huce, sai ga dutse ya koma ruwan ɗorawa. Da Hajiya ta gani ta fashe da kuka, ta ce an sace na uwarta an liƙa mata kwalba. Ya rantse, ta ce ita ba yarinya ba ce, dutse ba hawainiya ba ne. 'Ya'yanta suka kai ƙara. Yanzu waɗanda suka kawo masa aiki suna ta zuwa karɓe kayansu, Kausar kuma ta ƙi zuwa makaranta saboda ana kiranta ɗiyar ɓarawo.

Yaya, na tuna da ka zo Sallah kana ba mu labarin sana'arku ta duwatsun ado, ka ce masu sayen duwatsu kan gasa su da gangan. Ka ce wani ɗan burbushin ƙarfe da ido ba ya gani ne ke cikin dutsen yake ba shi launi, in wuta ta yi masa yawa sai zamansa ya sauya, hasken da ke fitowa ma ya sauya, kuma ba ya komawa da kansa. A lokacin dariya muka yi maka. Na faɗi wannan a gaban 'yan sanda, suka ce tatsuniyar mata ce.

Don girman Allah ka bar duk abin da kake yi ka taho kafin zaman kotu na ƙarshen wata. Ka zo da irin dutsen, ko guntu ne, a gasa shi a gaban alƙali kowa ya gani. Ba na jin haushin Hajiya, ta yi rashin da ba mai mayar mata. Amma mijina ba ɓarawo ba ne, kuma ya daina taɓa abincin da nake kai masa. Ba ni da kowa da ya san wannan abu sai kai.

Ka gaida Yaya Hamida da su Mujtaba. Goggo ta ce tana nan tana duban hanyarka.

Ƙanwarka,
Laure