A Dawo da Tallar Miyar da Na Sa Aka Cire

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sauraron Koken Masu Kallo kan Tallace-tallacen Talabijin

Daga: Kuramochi Shozo, tsohon mai duba tikiti a cikin jirgin ƙasa, Yonago

9 ga Oktoba, 2019

Game da: Saurin da Kwamitinku ya yi wajen amincewa da ƙorafina na 3 ga Yuni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Tun da na yi ritaya na aiko muku da takardu arba'in da ɗaya, kan ƙarar sauti, kan rubutu ƙanana, har kan wani kare da aka sa wa hula. Duk kun amsa da katin godiya iri ɗaya. Na saba da hakan, kuma yanzu na gane hikima ce.

2. A ranar 3 ga Yuni na rubuto kan tallar miyar miso, ta waken soya, da ake sawa kafin labaran rana, wadda wata dattijuwa ke jera kwanuka tana waƙa. Na nuna cewa ta ajiye shinkafa a dama, miya a hagu, yadda ake jera wa mamaci a al'adarmu. Shafi uku na cika, har da zane. A ranar 1 ga Agusta aka cire tallar. Na sa wasiƙarku ta amincewa a gilashi, na zagaya da ita gidajen maƙwabta.

3. Abin da ban rubuta ba, domin ban lura ba, shi ne matata Fumie. Shekara uku ke nan ciwon mantuwa ya kama ta, ni kaina ba kullum take gane ni ba. Ashe waccan dattijuwa ta tallar take ɗauka a matsayin yayarta da ta rasu. Da an fara waƙar sai ta gyara zama, ta cinye abincinta tas. Ni kuwa ina gefe da biro, ina duba inda kwano yake. Garin gyaran gira na rasa ido.

4. Daga Agusta zuwa yau ta rage kilo biyar. Na ɗaura gyauton girki, na jera kwanukan yadda dattijuwar ta jera, na rera waƙar da wannan murya tawa ta kiran tashoshi. Ta saurara cikin ladabi har ƙarshe, sannan ta ture kwanon, ta tambaye ni kamar baƙo ko ba a jirana a gidanmu.

5. Sau biyu na bugo waya. Ma'aikaciyarku ta ce an rufe fayil, kuma ba za a buɗe ba domin mutunta mai ƙorafin. Na gaya mata ni ne mai ƙorafin. Ta taya ni murna.

Likita ya ce idan ba ta koma cin abinci kafin 31 ga wannan wata ba, za a kwantar da ita a asibiti a sa mata bututun abinci. Ina tsoro, ranka ya daɗe, domin in ta bar gidan nan ban ga ranar dawowarta ba.

Don haka nake roƙo a janye ƙorafina a mayar da tallar. In doka ta hana, a roƙa mini kamfanin ya ba ni kwafinta, daƙiƙa talatin ce kacal. Idan kuma ana buƙatar shaida a rubuce cewa mai ƙorafin 3 ga Yuni tsohon banza ne marar aikin yi, a rubuta yadda aka ga dama a aiko, zan buga hatimina a ranar.

Naka cikin ƙasƙantar da kai,

Kuramochi Shozo