Aidin Da Na Zuba Wa 'Ya'yan Kifin Aminina

Assalamu alaikum Anti mai shafi, ina gaishe ki tare da masu karatu, gaisuwar wanda ruwa ya kai wa wuya. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Kuma ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin da na yi wa kaina a kwana goman nan ya isa a raba wa mutanen Kubwa kaf, har a ajiye wa baƙi.

Ni direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, na doshi hamsin. Duk wanda ya san ni, da barkwanci ya san ni. In na ga akuya a hanya, kafin in isa majalisa ta zama raƙumi. Laƙabina ba zan faɗe shi ba, amma akwai gishiri a ciki. Ina da amini, bari in kira shi Garba. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka Abuja da jaka ɗaya, a ɗakinsa na Mpape na yi wata bakwai, bai taɓa nuna mini ƙofa ba. Tun da farar hula suka dawo gari ya buɗe, kowa ya koma kiwon kifi, har mai baho ɗaya a bayan gida cewa yake yana da gona. Garba kuwa da gaske ya yi. Ya ajiye aiki ya kafa gidan ƙyanƙyasar tarwaɗa a Orozo, yana rainon 'ya'yan tun suna kamar gashin ido har su kai ɗan yatsa, masu tafki su zo su ɗauka. Mai kula masa da su Malam Iro ne, dattijo mara yawan magana da ya baro iyalinsa a ƙauye. Tsabar kulawa, ko man shafawa ba ya sawa a hannu in zai taɓa ruwan.

Wata rana na ɗauko ogana, Dakta, wanda ya dawo daga kwas a ƙasar waje, muka maƙale a cunkoson hanyar Kubwa. Yana waya, rabi Turanci rabi Hausa, yana yi wa wani bayanin cewa 'ya'yan kifin teku da ake kiwo a tanki sai an ƙara musu aidin a abinci. Wai ƙananan ƙwarin da suke ci a teku cike suke da shi, waɗanda ake ba su a tanki kuwa ba su da isasshe, in babu ba sa girma da kyau, har maƙoƙo suke yi. Na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, kifi da maƙoƙo? To a ina wuyan yake?" Ya yi dariya ya ci gaba da wayarsa. Kalma biyu na riƙe, aidin da girma. Kalmar teku kuwa ta faɗo ta taga tun kafin mu fita daga cunkoson.

A cikin satin Garba ya yi mini kukan cewa 'ya'yan kifinsa suna jinkirin girma. Na gyara zama na ce ai aidin ne babu, a ƙasar waje in an ba su, cikin sati biyu sai mutum biyu sun taru suke ɗaga kifi ɗaya. Garba ya ce, "Kai dai kama sitiyarinka, malam. Yaushe direba ya zama likitan kifi?" Aka yi dariya har da ni, amma wallahi maganar ta sosa ni. Na ƙudura sai na ba shi mamaki: in yi abina a ɓoye, in sun yi ɓul-ɓul sannan in bugi ƙirji.

Ni aidin ɗaya na sani a duniya, wanda ake ɗiga wa ciwo mutum ya kira sunan kakarsa. Na je wurin mai kemis ɗin unguwarmu, Ibo ne, na ce ya ba ni kwalba biyu. Ya ce, "Oga, waye ta ji ciwo?" Na ce kifi. Ya ce, "Kifi ta ji ciwo? Kai oga, kullum wasa!" Ranar Asabar da hantsi na isa Orozo. Garba ya tafi Karshi, Malam Iro ya fita sayo man janareto. Tanki uku, ni kaɗai. Da farko murfi ɗaya na auna, na rantse murfi ɗaya na yi niyya. Sai zuciya ta ce me murfi ɗaya zai yi wa wannan taro? Hali zanen dutse, wanda ya saba ƙara gishiri a zance ai hannunsa ma ba ya tsayawa. Kwalba biyun nan tas na juye. Ruwan ya yi kalar shayi mara madara, na buɗe famfo kaɗan ya dusashe. Malam Iro ya dawo da jarkarsa, muka yi musabaha, na tafi ina fito.

Bayan La'asar Garba ya kira ni. Shekara ashirin ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Sun mutu. Duka." Da na je, sun kwanta fari fat a ƙasan tanki kamar an watsa tsakin shinkafa. Garba ya sunsuna ruwan ya ce warin asibiti yake, guba aka zuba. Akwai wani mai gidan kifi a maƙwabtansu da ba sa ga-maciji, nan take Garba ya ce mutumin ne ya sayi Malam Iro. A gabana ya nuna dattijon nan da yatsa ya ce, "Macuci, ka ci amanata." Ina tsaye hannuwana a aljihu. Wane irin mutum ne ni? Bakin da ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ranar ya rufu ruf.

Ran Litinin na lallaɓa na tambayi Dakta, na ce wani ne yake son zuba wa 'ya'yan tarwaɗa aidin. Ya ce, "Wane aidin?" Na ce na ciwo. Ya cire tabarau ya dube ni ta madubi. Ya ce shi maganar kifin teku yake, kuma ba a ruwa ake zubawa ba, ƙwarin da kifin za su ci ake ciyarwa da ɗan mitsitsi, a aune, don in ya yi yawa shi ma illa ne. Na ciwo kuwa kashe ƙwayoyin cuta ne aikinsa, jaririn kifi ina zai iya da shi? Ya ƙara da cewa, "Wane mahaukaci ne zai yi haka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mahaukata sun yi yawa a Abuja." Saura kaɗan in hau kan mai acaɓa.

Kada a ce ban gwada ba. Na sami Garba shi kaɗai na ce, "Garba, ni na kashe kifin nan." Ya yi murmushin da bai yi ba tun ranar Asabar, ya dafa ni ya ce, "Allah ya bar mu tare, ko cikin baƙin ciki sai ka nemi ba ni dariya. Amma yau ba ranar wasa ba ce." Kun ji fa! Shekara da shekaru ina ƙarya ana dariya, rana ɗaya na faɗi gaskiya, ita ma dariya aka yi. Maimakon in ɗauko kwalaben da ke ƙarƙashin kujerar motata, sai na ji sanyi a raina, na taya shi murmushi. Wannan ya fi zuba aidin ɗin ba ni kunya.

Yanzu Garba ya kai magana gaban mai unguwa. Ranar Juma'a bayan masallaci Malam Iro zai dafa Alƙur'ani ya rantse cewa ba shi ya zuba ba, kuma bai san wanda ya zuba ba. In ya ƙi, ya tattara kayansa, kuma duk mai gidan kifi daga Orozo har Karshi zai ji cewa maci amana ne. Wa zai sake ɗaukarsa? Ni kuma Garba ya zaɓa in tsaya masa shaida.

Jiya na je, na tarar da Malam Iro yana wanke tankunan da babu komai a ciki. Na soma 'yan barkwancina, bai ɗago ba. Can ya ce, "Direba, lallen nan na yatsunka ya fita kuwa?" Ashe tun musabahar ranar Asabar ya ga rawayan aidin a hannuna. Na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "In faɗa wa wa? Kai amininsa ne, ni ɗan aiki. Rabin farko na rantsuwar zan iya. Rabi na biyu ba zan iya ba, don na sani. Suna kuma ba zan kira ba, wanda ya yi yana da baki, har ya fi na kowa." Ya ci gaba da wankinsa.

Jama'a, in na ajiye kwalaben nan a gaban Garba, mai hawan jini ne, kuma mutumin da ya ba ni tabarma lokacin da ba ni da kowa zai san na tsaya ina kallo ya zagi dattijo a kan laifina. In na yi shiru, Malam Iro zai koma ƙauye da sunan da ba nasa ba, ni kuma ina tsaye a gefen Alƙur'ani a matsayin shaida. In same shi shi kaɗai kafin ranar, ko in faɗa a gaban mai unguwa inda aka ɓata sunan bawan Allah? Yau Laraba, kwalaben suna mota, duk ramin da na faɗa sai na ji ƙararsu.

Me zan yi?