Ina Launin Yake Zuwa?

Litinin, 3 ga Maris

Shekara talatin da ɗaya ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen makarantar nan, ba malamin da ya taɓa amsa mini tambayata. A ɗiga ruwan buromin, mai launin ruwan goro, cikin abin da suke kira alkin, a girgiza, launin ya ɓace. Ina yake zuwa? Malamin farko ya ce, "Kai dai wanke, wannan sai wanda ya shiga aji." Na bayansa dariya ya yi. Ni da rubutun nan ma a jikin kwalabe na koye shi. Ƙarshen wata za su sallame ni, wai na tsufa. Haka zan tafi ban sani ba.

Laraba, 5 ga Maris

Sabuwar malama, sa'ar autata, ta fito da buromin daga kabad ta ajiye a bakin taga. Rana tana kashe shi. Na ci gaba da wanke kwalabena. An tambaye ni?

Alhamis, 6 ga Maris

Na sake zuba shayi kofi biyu. Shekara uku da rasuwar matata, hannun bai daina ba.

Talata, 11 ga Maris

Gwaji ya lalace. Ruwan ya koɗe, ɗalibai arba'in na ta girgiza, ba launin da zai ɓace. Aji ya kaure da dariya. Malama na tsaye da alli, idonta ya ciko.

Abincin rana bai ciwu ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na haɗa sabo a kwalba mai duhu, na ajiye mata a tebur. Ta same ni wajen famfo. "Baba, ashe ka sani?" Bakina ya suɓuce, na yi tambayar. Ba ta yi dariya ba. Hannuwana biyu ta kama, da kumfar da komai. "Haka alkin yake, ƙwayoyi biyu riƙe da juna hannu bibbiyu. Mu saki ɗaya." Muka saki. "To, kowa ya samu hannun cafke buromin. Da ya kamu ya zama wani abu, launin ya tafi."

Minti biyu! Abin da aka hana ni ke nan.

Litinin, 17 ga Maris

Na zauna a bencin baya na aji. Ba karatu ya kai ni ba, ƙafata ce ke ciwo. Yau barasa aka ɗumama da ruwan dikuromat mai launin lemo, ya juye kore. Amma akwai wata barasar a kabad da ba ta juya shi ko an kwana ana ɗumamawa, na daɗe da lura. Ita ba barasa ba ce? Me ya hana ta? Sau biyu ina zuwa ofishin malama, wai tana taro. Saura mini kwana goma sha huɗu. Gobe ko kwalba ɗaya ba zan wanke ba sai an fito an ba ni amsa.