Hannun da Na Ɗaga a Taron Gari

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da shanu. Yaya gwiwar? Yaya sanyin kan dutse? Surukinki Curdin yana gaishe ki. Tunda waya ba ta kamawa a makiyaya, na ba Kawu Flurin wannan takarda ya hau miki da ita, tare da gishiri da man zafi.

Mama, tun ranar taron gari ba mu zauna ba, washegari kika kora shanu kika hau. Nan ƙasa har yanzu zancen ake yi. Tunda gari ya amince, an ce baɗi da narkewar ƙanƙara za a fara ƙara wa bangon tafkin sama tsawo. Curdin ya shiga da ni cikin dutsen, wurin aikinsu, na ga inda za a kafa sababbin injuna. Ya yi ta yi mini bayani kamar ba a nan aka haife ni ba: wai da tsakar rana wutar hasken rana tana yin yawa, sai su yi amfani da ita su tura ruwa sama, da yamma kowa ya kunna murhu, sai su sake shi ya gangaro ya juya injuna. Ya ce, “Rumbu ne, Seraina, rumbun wuta. Namu ya yi ƙarami, shi ke nan.” Ni kuwa idona yana kan taswirar bango, inda aka shafa shuɗi, alamar inda ruwa zai rufe, a kan bukkarmu da igiyar da kike shanya ƙyallen cuku.

A shagon burodi tsokanata ake yi. Mai shagon ta ce, “Ga 'yar littafi! Kin farka, ko yau ma ɗaga hannu za ki yi?” Kowa ya yarda wai na nutse cikin littafin labarin da na ɓoye a cinyata a wurin taro, na ga hannaye a sama na bi sahu, ban san makiyayar uwata ruwa zai cinye ba. Kawu ya ce ke ma haka kika faɗa, har da dariya.

Ki riƙa shafa man safe da yamma.

'Yarki,
Seraina

*

Mama abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, na ji saniyarki Bruna ta haihu, barka. Cukun da kika aiko ya iso. Curdin ya ci rabi a tsaye. Ni na kasa kai shi baki.

Mama, littafin a rufe yake ranar nan. Na ji duk abin da shugaban taro ya faɗa. Na gan ki a gefena kin naɗe hannuwa a ƙirji. Ina sane na ɗaga nawa.

Kada ki ɗora wa Curdin. Tun a gida ya ce mini, “Ki yi abin da ranki ya ba ki, ni ba hannunki na aura ba.” Kuma na san ko babu nawa hannayen sun isa, amma wannan bai rage mini komai ba.

Na karanta labarai da yawa inda yarinya take tsayawa a gaban manyan motoci ta kare gonar kakanninta, gari duka yana hawaye. Na ɗauka ni ce ita. Har jawabi na shirya, na yi ta maimaitawa a gaban madubi, na zaɓi rigar da zan sa. Da aka ce waɗanda suka yarda su ɗaga hannu, sai na tuna maganar da kike yi mini tun ina ƙarama, cewa mabuɗin bukka nawa ne idan gwiwarki ta gaza. Na tuna tatsa cikin sanyi, da warin madara da ba ya barin yatsu, da watanni ba ka ganin kowa sai saniya. Hannuna ya tashi, na ji sakayau kamar an sauke mini kaya. Wannan sakayau ɗin ne yake cin raina har yau.

Ba na son makiyayar, Mama. Ina son in zo in gan ki a cikinta, in sha madara in sauko. Ban taɓa samun ƙarfin halin faɗa miki ba, sai na bar ruwa ya faɗa a madadina. Da kuma gari ya ba ni uzuri, na karɓa na lulluɓa da shi, na bar ki kina kare ni.

Ki yafe mini idan za ki iya.

Taki,
Seraina

*

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida gajiya. Kawu ya ce gwiwar ta kumbura, don Allah ki bar masa ɗaukar manyan gwangwanayen madara.

Ya sauko jiya hannu wofi. Na bi shi har bakin mota ina leƙa aljihunsa. Ya ce, “Ke, daina lalube ni kamar ɓarawo, ba ta rubuta komai ba. Ta karanta, ta ninke, ta tafi tatsa.” Sai da ya tayar da mota ya leƙo ya ce, “Wai in gaya miki ita ba ta karɓar irin wannan magana a takarda.”

Na fahimta. Ranar Asabar zan hau da ƙafa ta gefen tafki. Curdin ya so ya rako ni, na hana.

Ba zan zo in ce miki na canza ra'ayi ba. Na duba zuciyata ta kowane gefe, idan aka sake kiran taron zan sake ɗagawa, kuma zan sake jin kunyarki. Abin da zan iya kawai shi ne in faɗa ina kallon idonki, in kuma tsaya in taya ki har ranar sauko da shanu, tunda saura kaɗan a daina hawa.

Kin san ni da tsoro. Idan kika hango ni a bakin shinge na kasa ƙarasowa, ki kira sunana, ko da da faɗa ne.

'Yarki,
Seraina