Kiɗan Ƙarfen da Ka Bari

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba lallai ka karanta ba, kai da in takarda ta wuce layi uku sai ka miƙo mini ka ce in faɗa maka abin da ke ciki. Amma bakina ya cika, kuma maganar ba ta faɗuwa ga kowa a gidan nan, shi ya sa na yagi tsakiyar littafin Islamiyyata na zauna.

Yau na fita takaba. An yi sadakar waina, 'yan'uwana sun zo daga Bunkure, an ba ni sabuwar atamfa na ɗaura, na ji ta a jikina kamar ta aro. Ummi ta fara famfara, haƙora biyu sun fita, in ta yi dariya kai sak. Inna, mahaifiyarka, gwiwar nan tana taɓa ta, amma tana lallaɓawa. Damina ta kankama, mutane sun shiga dashe. An yashe kanal ɗin bayan gonarka da ka shekara kana mita a kansa, yanzu ruwa na kaiwa har ƙarshen layi. Shinkafar rani da ka dasa kwana tara kafin zazzaɓi ya kayar da kai kuwa, an yanke ta tun watan jiya. Zan zo kanta, don ita ta jawo duk abin da zan faɗa maka.

Ka tuna ranar da na fara jin kiɗan nan naka? Satinmu biyu da aure. Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji wani ruri daga ɗaki, na ce shi ke nan, janareto ya kama da wuta. Na shigo a guje hannu duk gari, na tarar da kai a bakin gado, ido rufe, kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ka ce sunansa metal, wai ƙarfe mai nauyi. Ka ce wani direba ɗan kudu ne ya koya maka shi, shekarun da kake rakiyar kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas, da shi yake korar gyangyaɗi a hanya. Na fita na koma kan tankaɗena ina cewa a raina, Zulai, kin shiga uku.

Abin da ya fi ba ni haushi, kai ba ka yarda duk hayaniya ɗaya ce ba. Kana da zaɓi, sai ka ce mai zaɓen irin shuka. Waɗanda mawaƙin ke tsala ihu daga farko har ƙarshe ka ce ba su da tarbiyya. Masu gudun tsiya ka ce na yara ne. Ka fi son masu tafiya a hankali, masu nauyi, irin tafiyar tirela da kaya a hawan tudu. Ka ce duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe, ko ya ji kiɗan 'yan tauri, bai kamata ya kira wannan baƙon abu ba. Na tambaye ka to me suke cewa, ka ce kai ma oho, ba da kunne ake jin sa ba, da ƙirji ne. Nawa kuwa, waƙoƙin soyayya na gidan biki, ba ka bar su sun huta ba. Ka ce ruwan sikari ne, in mutum ya ji uku a jere tururuwa za ta bi shi har ɗaki.

Ga abu na farko da ban taɓa faɗa maka ba. Na ji kunyarka, Baban Ummi. In mun taru wajen turara shinkafa, mata sukan ce ga matar mai kiɗan aljanu ta iso. Ranar sunan gidan kawunka wata ta tambaye ni ko an taɓa kai ka wajen masu ruƙiyya. Maimakon in tare maka, wallahi dariya na yi, har na ƙara da cewa ai notin kanka ɗaya ya kwance tun a Legas. Aka kwashe da shewa. Na dawo gida na tarar ka saya mini tsire, ka ajiye a kan murfin tukunya don kada ya huce. Na zauna na cinye. Ka yafe mini wannan.

Sai shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin shinkafa. Kowa ya ja igiya ya rataya gwangwanaye da leda, magidanta suna wuni a rana suna ihu har murya ta dishe, tsuntsaye na tashi nan su sauka can. Kai kuwa ka ɗaure sifika a kan gora, ka haɗa ta da batirin sola, ka sako musu masu gudun nan da ka ce na yara ne. Ka gane cewa in ka bar shi yana yi babu tsayawa sabawa suke yi, sai ka riƙa kashewa, ka bari su sauka, sannan ka sake shi gaba ɗaya. Tirƙashi! Har daga gida nakan ga sun tashi baƙi ƙirin. Mutanen da suka ce ka taɓu su ne suka riƙa zuwa da sallama suna roƙon ka matso da gorar kusa da iyakarsu. Yayanka, Yaya Sule, da ya taɓa rantsewa ba zai hau babur ɗinka ba in abin nan na kunnenka, shi ya riƙa ɗauko maka batirin a ka. Ka dawo ranar kana tafiya kana buɗa kafaɗa, na ce a hankali dai, sarkin tsuntsaye. Na yi alfahari da kai, shi ma ban faɗa ba.

Wata biyu da rasuwarka shinkafarka ta fitar da kai, ƙwayar ta yi ruwa-ruwa, daidai yadda jan-baki suke son ta. Yaya Sule ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya ce ko memorin nan mai ɗauke da kiɗanka yana nan. Na ciro shi daga wayarka na miƙa masa. Ban yi tunanin komai ba sai abincin Ummi.

Washegari da hantsi iska ta kwaso kiɗan tun daga gona har tsakar gida. Inna tana sheƙar gero. Na ga ta saki faifan, ta miƙe tsaye da gwiwar nan tata ba tare da ta dafa komai ba, ta nufi zaure. Taku huɗu ta yi ta tsaya. Ni na san abin da ya faru, don ni ma ya faru da ni. Mun manta, mu biyun. Mun ɗauka kana gona.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Bayan la'asar ta shigo ɗakina ta zauna a kan tabarma. Ta ce ita ba ta da ilimi, amma ta tashi tana jin cewa abin da mutum ya bari ana yi a bayansa yana bin sa har kabari. Ta ce ɗanta ba shi da bakin neman gafara yanzu, don me za a riƙa ƙara masa kaya kullum safiya? Na ce Inna, tsuntsu fa zai cinye shinkafar. Ta ce ya cinye, har karan. Ta ce ita da ta haife ka ta fi son ta sha koko babu sikari shekara guda da a ce kana can ana tuhumarka. Ta roƙe ni in karɓo memorin in ƙone. Roƙo, Baban Ummi, tsohuwa ta roƙe ni tana riƙe da hannuna.

Na aika aka karɓo. Yaya Sule ya koma gwangwani da majajjawa, ya yi iya yinsa, amma gefen da ke kusa da darbejiya ƙaiƙayi tsuntsaye suka bar mana. Abin da aka samu zai kai mu wani wuri, Allah ne mai ciyarwa.

Ga abu na biyu, kuma shi ne babba. Na ce wa Inna na ƙone. Ƙarya na yi. Na ƙulle shi a bakin zanena.

Me zan ƙone? Rigunanka an rabar, babur an sayar, takalmanka na ƙafar wani. Ɗan abin nan da bai kai farcen yatsa ba shi kaɗai ya rage wanda babu mai so sai kai. Da rana tsaka, in gida ya yi tsit kowa ya kishingiɗa, sai in saka shi a wayarka, in toshe kunne da iyafis, in ja mayafi. Mace mai takaba, carbi a hannu, kiɗan ƙarfe a kunne! Da an kama ni da sai garin nan ya shekara yana zancen.

A nan na ga yadda ka jera su, kowane kashi da sunan da ka ba shi. Na hanya. Na tsuntsu. Na ɓacin rai. A cikin na ɓacin rai na sami wata da na tabbata ita ka fi so, don na sha jin ta daga ɗaki duk ranar da ruwa bai kai gonarka ba. Jita ce ke farawa ita kaɗai, siririya, kamar mai ba da haƙuri. Sai ta yi ta yi har mutum ya saki jiki, sannan ganguna su rufto gaba ɗaya. Ranar da na saurare ta da gaske na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Ashe gaskiyarka ce, da ƙirji ake ji. Me ya hana in zauna kusa da kai ko sau ɗaya ka nuna mini? Shekara takwas ina wucewa ina toshe kunne.

Can ƙasa kuma na ga wani kashi ka rubuta Na Zulai. Na buɗe. Ruwan sikarin nan ne, Baban Ummi, duk waɗanda nake bi in ina wanke-wanke, har da wadda aka saka ranar kamuna. Kai, amma ka iya munafunci! Yaushe kake jin su? A kan babur? A gona, kai kaɗai da tsuntsaye? Na yi dariya har na ƙware, sannan abin ya juye mini.

Amma maganar Inna ta ƙi barina. Duk sanda na cire iyafis sai in ce a raina, yanzu wannan a kan wa aka rubuta? Da malamarmu ta Islamiyya ta zo duba ni na tambaye ta a kaikaice, kamar zancen wata. Ta ce malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma Allah ba Ya zaluntar bawa, amma in da ita ce da ta bar abin da take shakka. Na yi ta jayayya da kaina. Korar tsuntsu daga abincin marainiya ba alheri ba ne? Mutumin da bai taɓa barin sallah ta wuce shi ba, wannan ne zai tsaye masa? Wataƙila babu komai. Amma wataƙila ce kawai, kuma ba ni ce a cikin ramin ba. Ina jin daɗina a nan, ban san me yake jawo maka a can ba. Ba zan yi caca da kabarinka ba.

Ɗazu da baƙi suka watse na sami Inna a madafa, wutar waina ba ta gama mutuwa ba. Na durƙusa na kwance bakin zane, na faɗa mata gaskiya. Na jira ta tsine mini. Ta karɓa ta ɗora a tafin hannu, ta daɗe tana kallo, ta ce ɗan wannan abin ne duk yake fitar da rurin nan? Sai ta ce tunda yau zai tafi, in saka mata wadda ka fi so ta ji sau ɗaya, ita bai taɓa shiga kunnenta da niyya ba, kuma in da laifi ta ɗauka. Na ba ta kunne ɗaya na riƙe ɗaya. Da gangunan suka rufto ta zabura ta yi salati, amma ba ta cire ba. Ta ji har ƙarshe hawaye na bin fuskarta. Ta ce Allah sarki, ashe yaron nan yana da damuwa bai faɗa.

Ni na saka memorin a garwashi da hannuna. Bai yi ko ƙara ba, ya lanƙwashe, ya yi ɗan wari, shi ke nan. Inna ta yi maka addu'a na amsa.

Sai dai akwai inda wuta ba ta kai ba. Tun ɗazu jitar nan take yi a cikin kaina, yanzu ma da nake rubutu tana yi, kuma ban san yadda ake ƙone wannan ba. Ba na ma son in sani. Na riga na faɗa wa Ubangiji, ga shi ina faɗa maka. Daga yau ba kiɗanka ba ne, nawa ne. In da abin rubutawa, a rubuta a kaina. Kai ka kwanta ka huta.

Sai mun zo.

Matarka,
Zulai