Hoton Baba a Bakin Tebur

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta saɓe? Ya yara da babansu? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, ɗakin ajiyar da nake kwana ne ba shi da taga.

Makarantar haɗa magunguna ta ɗauke ni. Kar ki yi guɗa tukuna. An hana ni tallafin karatu, kuma in ban gyara takarduna kafin ƙarshen wata ba, wani za a ba gurbina.

Kin san dalili? A fom ɗin da na aiko gida, wajen sana'ar uba, Baba ya sa aka rubuta "mai kantin magani". Kanti! Teburin nan mai ƙafa uku da yake kasa magani a kai? Matar ofishin tallafin ta dube ni ta ce, "Ɗan mai kanti ai ba mabuƙaci ba ne." Wallahi na buɗe baki zan zazzage mata, sai na tuna wanda ya sa hannu a takardar. Shekara biyu ina aikin sauke kwalayen magani a kantin wani, ina haddace takardun cikinsu, ga inda abin ya tsaya.

Ta ce hoto ya isa shaida. Don Allah ki ɗauki Baba a bakin teburinsa, yadda yake kullum. Zai ce bari ya sako babbar riga. Kar ki bari. Na san abin da nake roƙo, shi ya sa na kasa kiransa da kaina. Ki ce ya yafe mini.

Ƙaninki