Kaset ɗin Inna

Abu Na'ama, Agusta 1976

Yaya Salmanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Su'ad da yara.

Ka ce da bazara za ka zo, bazara ta wuce. Yanzu kogi ya cika ya yi ja, dawa ta kai gwiwa, ba kai ba labarinka. Jikin Inna sai a hankali. Ƙanwarmu Huseina ta zo daga Dindir ta duba ta, ta koma.

Inna ta ce ta gaji da aron hannuna, da bakinta za ta yi maka magana. Sai na aro rikodar da Alhaji Mahmudu ya zo da ita daga Jidda. Da batur muka yi, tunda wayoyinku na kahraba, wato lantarki, ta bisa kanmu suke wucewa, tsuntsaye kaɗai ke morarsu. Ga kaset ɗin nan a hannun direban lori. Ka saurara, ka ba ta amsa.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

Hartum, Agusta 1976

Zuwa ga ƙanwata Rabi'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, saƙo ya iso. Na yi murna da jin Inna tana samun sauƙi.

Batun zuwa, ki yi haƙuri. In kogi ya cika, laka da itace yake kwasowa daga Habasha, su toshe injinan madatsar Rusairis, wutar ruwa ta ragu. Sai nauyin ya dawo kanmu, mu na tashar lantarki mai ƙona baƙin mai. Asibiti, famfon ruwan sha, masaƙa, duk tukunyar injinmu suke jira. Da bazara kuma ruwan ne ke ja baya, nan ma mu ne. Ga jirgin ƙasan da ke kawo mai daga Bur Sudan yana makara, ruwan sama ya cinye hanya. Mudir, wato shugabanmu, ya ce babu mai tafiya hutu sai kogi ya kwanta.

Na gaji, Rabi, amma da sauƙi. Ki gaida Inna.

Yayanki,
Salmanu

Abu Na'ama, Satumba 1976

Yaya,

Sallama. Wane sauƙi? A ina ka ji ta ce ta samu sauƙi? Matar nan sai da na tallafe ta ta zauna. Ta kira ka da sunan da take kiran ka kana yaro, ta ce ba ta jin za ta ga yankan dawa, ka zo ta yi maka magana ko sau ɗaya ne. Kai kuma ka aiko mana da karatun laka da baƙin mai!

Da na karanta mata takardarka sai ta juya fuska bango. Wallahi raina ya ɓaci. Ko ka saurara ba ka damu ba, ko ka jefa kaset ɗin a akwati. Faɗa mini wanne ne.

Rabi'atu

Hartum, Satumba 1976

Rabi,

Amin wa alaikumus salam. Ba ko ɗaya. Na sa shi, na ƙure murya, na manna kunne a jikin rikodar. Na ga yana juyawa, shi ke nan abin da na samu.

Kunnena ya tafi. Ƙarar ɗakin injin ta cinye na hagu tun bara, na dama saura kaɗan, sai an yi ihu. Su'ad ta saurara, amma Hausarta ta cefane ce, ba ta kama irin ta Inna ba. Yara kuwa sai Larabci. Hausawan da na sani duk abokan aiki ne, in suka gane, maganar za ta kai ga mudir, kuma ba a barin kurma kusa da tukunya. Yanzu da tafin hannu nake sauraren injin. In na dafa shi nakan san ko lafiya yake ko ya gaji.

Da na karanta takardarki na kasa cin abinci. Yau na shiga wajen mudir na faɗa masa komai. Ya ba ni hutun, ya ce ba sai na yi saurin dawowa ba. Na gane nufinsa.

Ina hanya. Don Allah kada ki faɗa wa Inna maganar kunnen.

Salmanu

Abu Na'ama, Oktoba 1976

Huseina,

Gaisuwa. Yaya ya iso. Abin da ban faɗa miki ba, aikin nan ya kurmantar da shi, Inna kuma ba ta sani ba.

Ta yi masa magana tun azahar har la'asar, da 'yar muryar nan tata da ni ma sai na sunkuya nake ji. Ya zauna ya ɗora tafinsa a bayanta, bai ɗaga ba har ta gama. In ta tsaya ya ce to, Inna. Daga baya ta ce mini Hartum ta gyara shi, ya daina katse mutum.

Da muka fito ya tambaye ni me ta ce. Na buɗe baki, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bari sai anjima. Aika wa Huseina tukuna, kada ta jira yankan dawa."

Ki hau lorin farko.

Yayarki,
Rabi'atu